Rautar da ke Kan Kabad ɗin Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau. Baba ma da sauƙi, hawan jinin ya sauka tun da aka canja masa magani.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna waya. Kin san Baba, kunnen da ba ya jin "lokacin magani ya yi" shi ne ke jin raɗa daga ƙuryar ɗaki. Abin da ke raina kuwa ba na so ya ji.

Maganar rautar gidan nan ce, baƙar na'urar nan mai ƙaho biyu da ke kan kabad ɗin falo, wadda ke raba mana intanet. Ke shaida ce yadda take yanke ku kuna tsakiyar hira, fuskokin yaran su daskare, Baba ya yi ta kiransu shi kaɗai. Na bincika, ashe kamfanin da ya ƙera ta ya daina sabunta manhajar da ke tafiyar da ita. Amma akwai masu sa kai da suka rubuta nasu manhajojin kyauta, a cire ta kamfani a zuba tasu. Sai dai in aka zuba wadda ba ta dace ba, ko wuta ta ɗauke ana cikin zubawa, na'urar ta mutu ke nan, sai dai a tokare ƙofa da ita.

Makonni na yi ina karatu a kai. In na taso daga aiki a ɗakin gwajin jini, na ba Baba abinci, sai in zauna. A ƙarshe biyu suka rage. Ɗaya mara nauyi ce, ba ado, aiki kawai. Ɗayar mai kwalliya ce, da zane-zane da maɓallai barkatai, ga nauyi. Rautarmu tsohuwa ce, ƙwaƙwalwarta ƙarama, saboda haka na zaɓi mara nauyin.

Sai ga Auta ya zo hutun ƙarshen mako daga garin da yake aiki. Ko takalmi bai gama cirewa ba, ya ɗaga na'urar ya dubi ƙasanta, ya ce mai kwalliyar za a sa. Na fara bayani, Baba ya ɗaga mini hannu ya ce, "Bar wa yaron nan, shi ya san kan waɗannan abubuwa."

Yaya, ni ce fa ke kai shi asibiti. Ni ce na san wace ƙwaya ake sha kafin abinci. Tun rasuwar Mama ni ke yanke masa farce. Amma wanda ke leƙo mu daga wata sai wata shi ne masani. Na haɗiye maganata na shiga kicin.

Ki gaida maigida, ki shafa mini kan yaran.

Ƙanwarki,
'Yar Tsakiya

*

Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗin jin cewa ƙafar ta warware, Allah Ya ƙara sauƙi. Na ga amsarki, kin ce in yi haƙuri, Auta ƙanena ne. Na sani, ni na goya shi. Shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ya zuba manhajarsa kafin ya koma, kuma tana aiki. Ba na so in rubuta wannan, amma tana aiki. Ke ma kin gani, kun yi hira da Baba har shayinsa ya huce ba a yanke ba. Har sunan intanet ɗin gidan ya canja, duk wanda ya buɗe waya a layinmu sai ya ga "Gidan Baban Auta". Mu sauran kamar a bakin titi aka tsince mu.

Yanzu babu wanda bai ji labari ba. Mai aski ya ji, mai shagon kwanar layi ya ji. Ranar da na kai shi ganin likita, ana ɗaura masa abin awon jini yana ba likitan labarin ɗansa da ya canja wa na'ura ƙwaƙwalwa. Likitan ya nuna ni ya tambaya ko 'yarsa ce, Baba ya ce, "E, ita ke tuƙo ni." Direba ke nan.

Zan faɗa miki abin kunya. In na wuce ta falo, sai in tsaya ina kallon 'yar koriyar fitilar na'urar, ina jira ta koma ja. Har na kan taɓa bayanta in ji ko ta yi zafi, don na karanta cewa manhaja mai nauyi tana gajiyar da tsohuwar rauta. Tana ɗumi kam, amma ta ƙi mutuwa. Mace da girmanta tana yi wa akwatin roba fatan tsiya! Na yi istigfari, amma zuciya ba ta da ƙashi.

Tawa manhajar tana nan a kwamfuta, ban goge ba.

Taki har kullum,
'Yar Tsakiya

*

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina kuma fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Zauna ki karanta, kuma kada ki kira ni sai kin kai ƙarshe.

Na aikata. Ranar da ba ni da aiki, Baba ya fita zaman hira da abokansa, na jawo kwamfuta na haɗa ta da rautar, na zuba tawa. Ina ta addu'ar kada wuta ta ɗauke. Fitilar ta yi ta ƙiftawa har na fara tunanin ƙaryar da zan yi, sai ta tsaya kore. Na mayar da suna da kalmar sirri yadda suke, don kada wayar Baba ta gane an taɓa komai. Na taɓa bayan na'urar, sanyi ƙalau. Na yi rawa ni kaɗai a falo.

Da yamma Baba ya yi kallonsa ba tangarɗa, ya juyo ya ce mini, "Kin ga aikin Auta? Kullum ƙara sauri yake." Na ce haka ne, Baba.

Washegari ina wurin aiki, wayata na kulle a lokar ajiye kaya kamar yadda doka ta ce. Da na fito cin abincin rana na tarar da kiran Auta jere-jere. Baba kuma kin san shi, ki yi ta kira wayar na ƙarƙashin matashi. Kafin in kira, abokiyar aikina ta ce wani na jirana a bakin ƙofa. Auta ne, Yaya. Ya baro aikinsa, ya hau mota tun safe, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya fara biyawa ta gida, ya tarar da Baba na sauraron rediyo, ya ce masa wucewa yake yi.

A kan bencin masu jiran sakamako ya faɗa mini dalilin da ya nace wa mai kwalliyar. Tana da wani shafi da yake buɗewa daga garin da yake, ya ga wayoyin da ke kan intanet ɗin gidan. Baba yana kashe waya in zai kwanta, ya kunna in ya tashi. To kowace safiya, kafin Auta ya wanke fuska, sai ya buɗe shafin nan. In ya ga wayar Baba ta hau, ya san tsohon ya farka. Ranar nan ya buɗe, shafin ya ƙi buɗuwa sam.

Na ce masa me ya hana ya kira kawai. Ya ce in ya kira da sassafe, Baba cewa yake, "Lafiya? Ko ka ji an ce na mutu ne?" Sannan ya dube ni ya ce, "Ke kina ganinsa kowace safiya. Kin san abincin da yake so, kin san tarinsa na wasa da na gaske. In na kira shi, rabin hirar ke ce: 'Yar Tsakiya ta ce, 'Yar Tsakiya ta hana. Ni wannan 'yar na'urar kaɗai gare ni a gidan, ita ma kin ƙwace."

Ashe shi ma da nasa ciwon yake yawo.

Mun koma gida tare. Tawa ma ana iya buɗe mata irin wannan ƙofar, amma aiki ne mai tsawo, shi kuma da wadda ya saba ya fi natsuwa. Da hannuna na mayar da tasa, yana tsaye a kaina yana cewa in yi a hankali, kamar ba ni na fi shi karanta abin ba. Na dai sa ya yarda mu ɗora na'urar a kan 'yan katakai, iska ta riƙa shiga ƙasanta. Baba ya leƙo ya ga kawunanmu a haɗe, ya ce madalla, gara in koya a wurin ƙanena.

Kada ki ɗauka na warke. Da ya faɗi haka sai da na ji abin ya soke ni. Amma yau da safe na shiga ɗakin Baba, na tarar ya tashi yana lazimi, ya manta da wayar a kashe. Na ɗauka na kunna, na tsaya har ta hau, sannan na tafi aiki.

In kin kira shi ranar hutu, ki ɗan sako sunana a hirar. Ba sai kin yabe ni da yawa ba, kaɗan ma ya isa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
'Yar Tsakiya