Ina Murfin Akwatin Sahabi?

Zuwa ga Alhaji Shugaban Ƙungiyar 'Yan Katako ta Amana Jari, Birnin Konni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan 'yan ƙungiya, ina roƙon ka yi haƙuri da ganin wannan takarda a bainar jama'a. Na zo rumfarka mun yi magana baki da baki, ka sallame ni da goro. Shi ya sa na ba masu jaridar yaƙi da jahilci ita, na kuma roƙi a karanta ta ranar kasuwa, don wanda bai iya karatu ba ya ji da kunnensa.

Ni ne Abdu Kafinta, mutumin Bazaga, mai 'yar rumfar gadaje da kabad a bayan tashar mota. Allo guda nake nema, Alhaji. Allo ɗaya tak na kwantirfilake, katakon nan mai ninki-ninki da maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka ke kira filawud. Wani ɗan ƙungiyarka ya sayar da shi, ban san wa ya saya ba, kuma tsohuwata ba ta da kwanciyar rai sai an samo shi. Ga yadda abin ya faru.

Na farko. Kai shaida ne tun da aka rufe iyaka kwantirfilake mai kyau ya yi ɓatan dabo a garin nan. Wanda ke shigowa ta ɓarauniyar hanya farin banza ne, in ka buga masa ƙusa ya dare, in damina ta sauka ya kumbura kamar gurasa. Na yi yawo har Malbaza da Dogarawa ina neman wanda zan riƙe, mai kawo jan katako na kudu, mai nauyi, wanda za a yi wa amarya gado jikokinta su gada. Da na gaji na zo wurinka, don kai ne babba. Kai ka kama hannuna ka kai ni rumfar mutumin nan, ka ce ɗanka ne, in saya ido rufe. Ba zan ambaci sunansa a nan ba, ka san shi, 'yan kasuwa ma sun san shi.

Na biyu. Kayansa kyau kamar me. Ja ne, mai kauri, zarto na shiga yana kuka. Sai dai ba ya sayar da cikakken allo irin na kanti. Ɗauri-ɗauri yake sayarwa, dogaye da gajeru a haɗe, an goge su tas, a rabin kuɗin kasuwa. Na tambaye shi dalili, ya ce akwatunan da ake kawo injuna ne daga bakin teku yake saye a hannun kamfanoni ya warware. Na tambaye shi warin da ke tashi in ana yanka, wani wari mai sanyi kamar kafur da maganin asibiti, ya ce maganin gara ne. Na ga ƙananan hudoji a jikin dogayen an toshe da garin katako da gam, ya ce wurin ƙusoshin injin ne. Kowace tambaya da amsarta a bakinsa, kai kuma ka tsaya masa. An ce araha ba ta ado, amma wannan arahar ta zo da adonta, ni kuwa na saki jiki.

Matan unguwa ne suka fara ganewa, ko da yake su ma ba su san abin da suka gane ba. Da can kowace yamma sai sun zo kwasar guntaye da garin katako don hura wuta, har faɗa suke yi a kai. Sannu a hankali suka daina zuwa. Wata ta ce mini hayaƙin yana ɓata tuwo, wata ta ce in ta sa shi a murhu sai ta ji gidan ya yi tsit kamar gidan makoki. Kajin maƙwabcina da ke tone-tone a ƙarƙashin teburin aikina su ma suka ƙaurace. Na yi dariya, na ce ko kaji sun san maganin gara.

Na uku, kuma a nan ne zuciyata take. Ina da ƙane, Sahabi, uwa ɗaya uba ɗaya. Lebura ne a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Shekara biyu ke nan kaya suka faɗo masa, Allah ya yi masa rasuwa a asibiti. Da can namu in sun rasu a ci-rani can ake binne su, amma waɗanda yake yi wa aiki suka ce sai sun maido shi gida, suka sa shi a akwati, babbar mota ta kawo shi har Bazaga. Da yake ni ne kafinta a dangi, ni aka miƙa wa aikin buɗewa. Ina da wani ƙarfen cire ƙusa da na gada wurin maigidana da ya koya mini sana'a, haƙorinsa ɗaya ya karye, duk inda ya ciji katako sai ya bar shaida biyu, doguwa da gajera. Da shi na bi gefen akwatin ina ɗagawa. Na ga kuma abin da har yau yake ƙona mini rai: yaran mota sun ɗora garwar baƙin mai a kan murfin tun daga can, ta bar zobe baƙi daidai wajen ƙirjinsa.

Muka fitar da shi, aka yi masa sutura yadda addini ya ce, muka kai shi makwancinsa cikin likkafani. Akwatin kuwa muka yi da shi yadda kowa ke yi a ƙasar nan. Ba a shiga da shi gida, ba a hura wuta da shi, ba a sayarwa. Aka jingine shi a gindin aduwar da ke bayan maƙabarta, aka bar wa rana da ruwa. A can na tarar da wasu guda biyu na waɗanda suka riga shi, ɗaya na soja, ɗaya na wani ɗan makaranta. Ba mai gadinsu, don ba wanda ya taɓa tunanin akwai ɗan Musulmin da zai miƙa musu hannu.

Matarsa Rabi ta yi takaba a gidanmu, ta zauna da Inna kamar 'yar da ta haifa. Bara kafin damina Allah ya kawo mata miji, wani manomi mutumin kirki a Alela. Na ce kayan ɗaki a wuyana, wannan ne abin da zan iya yi wa Sahabi na ƙarshe. Na je rumfar mutuminka na zaɓi ɗaurin da ya fi kowane kyau. Na yi mata gado da hannuna, na lulluɓe shi da fomeka mai furanni, aka ɗora a amalanke ana guɗa.

Ba a yi nisa ba ta fara ramewa. Mijin ya kai ta wurin likita, ba a ga komai ba. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, shiru. Ta koma shimfiɗa tabarma a ƙasa ta bar gadon, dangin miji suka fara gunaguni wai har yanzu zuciyarta na wurin mamaci, tana ƙyamar ɗansu. Da na je duba ta, ta sunkuyar da kai ta ce: "Yaya, gadon ga tahiya shikai da ni. In na kwanta sai in ji kamar ina bayan babbar mota, ana ta tahiya ba a tsayawa." Ta ce ko ta wane gefe ta kwanta, sai ta farka a kan hannun dama, ƙafafu a haɗe, fuska na kallon gabas.

Alhaji, ni ba mai camfi ba ne. Na yi karatun allo gwargwado, na san katako ba ya riƙe rai, wanda ya tafi ya tafi. Na yi mata nasiha na dawo. Amma ruwa ba ya tsami banza. Da damina ta yi nisa, mijin ya aiko wai fomekar gefen gadon ta ɗago, in zo in manne. Na je da rana tsaka, muka fito da gadon tsakar gida. Danshi ya sa toshiyar hudojin nan ta zube, sai ga su a jere, uku a wannan gefe, uku a wancan, kowace daidai kaurin igiya. Ba wurin ƙusar inji ba ne. Wurin igiyar da ake kamawa ne a ɗauka, mutum uku nan, mutum uku can. Na ja fomekar gaba ɗaya. A bakin allon, inda gugar mutuminka ba ta kai ba, na ga shaida biyu, doguwa da gajera, sai wata, sai wata, har ƙarshen allon. Ƙarfen yana cikin jakata. Na fito da shi na ɗora a kan shaidar, ya zauna daram.

Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Rabi na tsaye a ƙofar ɗaki, ta dubi ƙarfen, ta dubi allon, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni da hannuna na kwantar da matar ƙanena a cikin akwatin gawarsa, na kuma karɓi godiya.

Na huɗu. Washegari na wuce Bazaga, gindin aduwa wayam, ko guntu babu. Na tambaya a garuruwan bakin hanya har Dogarawa, ko'ina labarin ɗaya ne: akwatunan bayan maƙabarta sun ɓace, mutane na zaton gara ce ta cinye. Gara ba ta cin wannan katako, Alhaji, ni na sani. Na dawo Konni na tarar da rumfar mutuminka a kulle, an ce ya yi tafiya. Na zo wurinka, na faɗa maka duk abin nan, ka saurare ni har ƙarshe sannan ka ce: "Malam Abdu, icce dai icce na. Kak ka tada muna hankalin kasuwa." Wallahi maganar nan ta fi mini zafi a kan abin da shi ya yi. Shi ɓarawo ne, ya yi halinsa. Kai kuwa uba ne, kuma da bakinka na saya.

Ban tsaya jiran kowa ba. Na bi gidajen da na yi wa aiki da katakonsa ɗaya bayan ɗaya, na faɗi gaskiya, na kwaso kayan na sake musu da wani. Wasu sun gode, wasu sun zage ni, rumfata kuwa yanzu sai ƙuda. Wannan ban kawo ƙararsa ba, Allah ne mai ciyarwa. Gadon Rabi na warware shi a rumfa, na jera allunan, suka koma yadda suke ba tare da na auna ba: gefe biyu, ƙasa, kai da ƙafa. Yana nan a tsaye a bayan rumfata, bakinsa a buɗe. Murfin ne babu. Ba ya cikin ɗaurin da na saya, ba ya cikin duk abin da na kwaso. Mutuminka ya sayar wa kafintoci da dama, har da na Malbaza da na Illela, don haka murfin yana wani gida yanzu haka.

Rabi ta samu lafiya, tana barci a kan gadon kara, dangin mijin sun ba ta haƙuri. Inna ce ba ta samu ba. Tun da ta ji labarin ta daina cin abin kirki. Na gaya mata Sahabi na cikin kabarinsa a rufe, ba abin da ya taɓa shi, liman ma ya gaya mata. Ta ce ta sani. Amma duk wanda ya fito daga Konni sai ta tare shi, in kuwa ni ne, kafin in sauke jaka take cewa: "Abdu, an samo murhin? Ɗan'uwanka na nan buɗe."

Saboda haka ga roƙona. Ka tara 'yan ƙungiyarka ka tambaye su wa ya san inda mutumin nan yake, da kafintocin da ya sayar wa. Ka hana sayar da kwantirfilake ɗauri-ɗauri a kasuwar nan sai an san asalinsa. Ka nuna mana mutum ɗaya, ɗaya kawai, mai tsoron Allah, da za mu riƙa sayen cikakken allo a hannunsa ko da tsada, mu ƙananan kafintoci mu huta da zullumi. In ƙungiya ba za ta iya ba, ka faɗa mana a fili, mu san inda za mu nufa. Ban kai maganar ga jandarma ba don ina ganin girmanka, ina kuma fatan ba za ka bari in kai ba.

Ku kuma jama'a da ke sauraro, duk wanda aka yi wa tebur, ko ƙofar kabad, ko kan gado da jan kwantirfilake tun rufe iyaka, don Allah ya juya shi ya duba bayansa da rana. In ya ga zobe baƙi kamar gindin garwa, wanda guga ba ta fitar ba, da shaida biyu-biyu a bakin allon, doguwa da gajera, ya kawo mini. Ba zan tambaye shi komai ba, zan yi masa sabo kyauta. Ina so in rufe akwatin nan, in mayar da shi gindin aduwa, in je in ce wa Inna an rufe.

Alhaji, Allah ya ja zamaninka, ya tsare kasuwarka daga haram, ya ba ka ikon tsayawa a kan gaskiya. Ranar da taka ta zo, Allah ya sa a gida za ta same ka, a kai ka a makara kamar kowa, kada wani abu da ya taɓa jikinka ya koma kasuwa.

Wassalam.

Naka,
Abdu Kafinta, bayan tashar mota, Birnin Konni.