Haƙorin gwada masara

Hamma Buba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya Adda da yara, yaya zaman Fatakwal?

Kamfanin hatsinmu ya fitar da sunayen waɗanda zai tabbatar a aiki, babu nawa. Manaja ya ce in kawo satifiket, alhali ya san ya ƙone tun gudunmu daga Mubi. Shekara goma ina sito a Jimeta, in ciji masara in faɗi ko ta bushe kafin na'ura ta faɗa, amma har yau sunana ɗan wucin gadi. Jiya kuma haƙorin gwajin ya karye. Yanzu ba takarda, ba haƙori.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaida Goggo, amma kada ta ji.

Ƙaninka,
Hamidu