Filafilin da Deio Ya Ɗaga

Cwm Eirin, farkon Nuwamba

Anti Menna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kafaɗarki kuma ta yi sauƙi. Na rubuto ne saboda tarhon gidanmu a gindin matakala yake, Mam tana jin komai.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ban ji daɗin sauka Maƙogwaro ba. Na san Mam ta ba ki labari, don ta ba duk wanda ya shigo kantinmu: wai Siwan mai shekara goma sha uku ta gangara mafaɗar ruwan da manya ke shakka, kwalekwalenta bai kife ba. Haka aka yi. Amma ban san wurin ne ba sai da na faɗa ciki.

Kin san dokar kulob ɗinmu. Kafin wuri mai haɗari kowa ya fito ya duba da idonsa, wanda bai so ya saɓa kwalekwalensa ya zagaya ta tudu, ba mai yi masa dariya. Ranar Asabar kogi ya cika da ruwan sama, ya yi launin shayi. A wurin shiga na kama hannun rigar yayana Deio na ce, "Idan mun kusa Maƙogwaro ka tsayar da ni. Zagayawa zan yi."

Ya ce, "An gama, Ɓera. Zan gitta filafili a saman kaina, ki ja gefe."

Na ce, "Rantse."

Ya ce, "Na rantse da gasasshen naman Mam na Lahadi."

Ban taɓa bin wannan ɓangaren kogin ba, duk kwane-kwanensa iri ɗaya ne a idona. Deio ya wuce gaba ya ɓace mini. Can sai na hango kan filafilinsa a tsaye cak, alamar taho, hanya lafiya. Na tuƙa ina ma murmushi. Sai ruwan ya ƙare a gabana. Ban tuna faɗuwar ba, ƙarar kawai na tuna, da sanyin da ya buge ni a ƙirji. Da na buɗe ido ina zaune daidai, kowa yana buga filafili a jikin kwalekwalensa yana ihu.

Elfed shugaban kulob ya saya mini soyayyen dankali.

Anti, yayana ne. Tun ina ƙarama shi nake kallo a kan ruwa. Yanzu idan na rufe ido ba ruwan nake gani ba, filafilin nake gani. Don Allah kada ki gaya masa. Ke kaɗai na faɗa wa.

Taki,
Siwan

*

Caerdydd, tsakiyar Nuwamba

'Yar lelena,

Na gaishe ki, na gaida mahaifiyarki mai shelar gari. Kafaɗa tana nan tana mini tsiya duk lokacin da hadari ya haɗu.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na yi dariya, na kuma share hawaye. Ki saurare ni. Hannunki ya daɗe da isa Maƙogwaro, idonki ne bai isa ba. Akwai mutanen da idan sun tsaya a kan dutse suna kallon ruwa, ruwan ƙara girma yake yi, ke kuma kina cikinsu. Lokacin da Deio ya bugo mini waya kafin ranar yana neman shawara, abin da na ce masa ke nan: kada ka bari ta gani. In laifi ne, mu raba shi biyu.

Haka kakanki ya yi mini a wannan wurin. Na yi mako ban yi masa magana ba, daga baya na gode masa. Ke ma za ki gode, ki rubuta ki ajiye.

Ki ci abinci sosai, ki daina shanya rigar ruwa a ɗakin kwana.

Antinki mai ƙaunarki,
Menna

*

Lerpwl, ƙarshen Nuwamba

Ɓera,

Yaya makaranta? Yaya Mam? Ni karatu na neman kashe ni, ga abincin nan kamar soso.

Anti Menna ta ce wai kin yi fushi, har kina mafarkin filafilina. Haba! Shi ya sa ranar da zan dawo kika ba ni hannu kamar mai karɓar ta'aziyya?

Kina ji kamar jefa ki na yi na kau da kai? Elfed yana kan dutsen hagu da igiyar ceto a hannu. Rhodri yana ƙasa a kwalekwale, kusa da inda ruwa ke juyawa. Tun a mota muka tsara komai, lokacin da kika shiga bayan katanga canza kaya. Kowa ya san aikinsa. Ko kin kife, kafin ki sha ruwa an fizgo ki.

Na yi rantsuwa, na sani. To da na faɗa miki gaskiya fa? Da har yanzu kina can kina jan kwalekwale cikin kashin tumaki. Yanzu kuwa ke ce mafi ƙanƙanta da ta taɓa sauka wurin. Na ba abokaina labari a nan, ba wanda ya yarda.

An ce ruwa zai sauko sosai kafin Kirsimeti. Zan zo gida. Ki shirya, akwai wani wurin a sama da nake so ki gani. To, ko kada ki gani. Wasa nake!

Yayanki,
Deio

*

Cwm Eirin, Disamba

Deio,

Ina gaisuwa. Mam lafiya, ta ce ka zo da kayan wankinka amma ban da safa.

Ban san kowa ya sani ba sai da ka faɗa. Na zaci kai kaɗai ne. Na yi ta tuna yadda motar ta yi shiru da na dawo daga bayan katanga, da yadda Rhodri ya miƙo mini cakulan bai kalle ni ba.

Ruwan bai jira ka ba. An yi shi ranar Alhamis, Asabar muka shiga. Kafin nan na bi gaɓar kogin da ƙafa bayan makaranta, ni kaɗai, har na gane inda Maƙogwaro yake. Akwai katangar dutse da ta rushe ta gangaro bakin ruwa. Da muka kai wurin na ja gefe da kaina na fito.

Elfed ya ce, "Siwan, ai kin riga kin ci wannan! Me za ki duba?"

Na ce, "Ban taɓa ganinsa ba."

Na hau dutsen na daɗe ina kallo. Ya fi yadda na zata girma, amma na ga hanyar, ta dama, inda ruwan ya yi santsi kamar harshe. Ina jin zan iya. Na saɓa kwalekwalena na zagaya ta tudu. Rhodri ya ce ko ya kama mini, na ce a'a.

Ka gaya wa Anti Menna, tunda kuna hira. Ni ba zan rubuta mata ba yanzu.

Na roƙi Elfed ya sa ni a rukunin Delyth, masu tafiya a hankali, ya ce to. Ban faɗa wa Mam ba tukuna. Idan ka zo za mu shiga kogi rana ɗaya, amma ba zan bi bayanka ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Siwan