Zumar Inna Hajjo

Daren Alhamis, 9 ga Sha'aban, Maigatari

Kullum da safe ina huda yatsa, lambar sukarina sai hawa take yi, yau ta haura ɗari uku. Na bar shayi, na bar burodi, tuwon ma ɗan kaɗan nake ci kamar baƙo a gidan surukai. Jiya har Gumel na je na yi wa mai kemis tas, na ce na'urar banza ya sayar mini. Ya gwada nasa jinin a gabana, lafiya lau.

Da yamma na tsaya wajen Inna Hajjo mai fura, a bakin kasuwar shanu. Sai na ga ta zaro wata kwalba tana tsiyayawa a kwanona.

"Inna, mene ne wannan?"

"Zuma ce, ɗana, ta Damagaram. Ka ce likita ya hana ka sukari, ga shi ka rame kamar tsinke, iyalinka na can Funtuwa. Zuma ai magani ce. Kullum sai na sa maka."

Ƙafar Baba da aka yanke saboda ciwon sukari kawai nake gani.

Duk garin nan ita kaɗai ta lura na rame, kuma tausayinta ne yake neman halaka ni. Amma ba laifinta ba ne, ni ne ban taɓa tambayar me ya sa furarta ta fi ta kowa daɗi ba.

Na karɓa, na yi godiya, na zubar a bayan tasha. Gobe dole in gaya mata, ko da za ta yi kuka.