Ɗakina Ya Fi Na Kowa Iska

Yaya Hure,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Mijinki har yanzu yana munshari?

Ni lafiya lau. Taha ɗan Kawu, da nake zaune wurinsa, ya tashi sayen gidansa na farko a unguwar Ka'akiyya, nan ƙasa mai tsarki. Sau biyu yana zuwa banki da ƙafarsa neman lamuni, suna dawo da shi. Na ce, "Yallaɓai, ko akuya sai da dillali, balle gida!" Dillalin da ya ɗauka ya samo bankin da ya yarda, amma kuɗin ƙaramin gida suka kai. Ni aka ba saman soro. Bakina ya ja min.

Ki ba masu Umra gidan sauro su kawo min. Inna kuwa, ki ce mata ɗakina ya fi na kowa iska.

Allah ya sada fuskokinmu.

Ƙaninki,
Muttaka