Turaren Yagana

Haɗeja, 9 ga Satumba, 1968

Zuwa ga Yagana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Hajja da duk mutanen Guri. Yaya kuke fama da ruwa?

Yagana, ban taɓa zaunar da ke na faɗa miki aikina ba, laifina na farko ke nan. Kwalaben nan masu rufin ƙyalle da na kwaso gida ran da kogi ya shiga ofishinmu na gona, asu ne a ciki, mai cin gero a rumbu. Tare da shi akwai wasu 'yan mitsi-mitsin zanzaro masu kashe tsutsarsa. Shekara biyu ina kiwonsu, ina auna zafi da laima safe da yamma, ko manomi zai huta da ɓarna.

Ke kuwa kin ji ɗakin mijinki na warin tsohon hatsi, sai kika yi abin da Hajja ta koya miki. Kika rufe taga, kika sa turaren wuta, mai kyan nan da kike ɓoyo. Na dawo na tarar zanzaron duk sun mutu, asun kuwa ko a jikinsa. Kina tsaye da kasko kina jiran yabo, ni kuma saki ne ya fito daga bakina. Tun ranar ban ji daɗin komai ba.

Zan zo biko da kaina. Bari dai in samo wani irin zanzaron tukuna.

Naki,
Umara

Haɗeja, 14 ga Janairu, 1969

Yagana,

Ina gaisuwa, yaya sanyi? Allah ya sa Hajja na lafiya.

Na zaga garuruwan Miga da Malam Madori ina leƙa rumbunan mutane, ban samu zanzaron ko ɗaya ba. Jiya na buɗe tulun da kika bar ragowar gero a madafa, sai ga su fal, ba wanda ya auna musu komai.

Yau na hau keke zan taho, na gamu da yayanki Garba a bakin kasuwa. Ya ce idda ta cika tun watan jiya, Juma'a za a ɗaura miki aure. Na san kwanakin ƙwari da ka, naki ban lura ba. Zuciyata ta karye, kuma ba ni da wanda zan zarga.

Allah ya ba ki zaman lafiya. Rigar da na rataye a ɗakin ranar tana ƙamshi har yanzu, ban wanke ta ba.

Ni ne,
Umara