Kyanwar Goggo da Buhun Baffa

Goggo,

Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Ina gaishe ki. Yaya jiki, yaya Malam da yara, yaya zaman Kumasi? Mu nan Tudun Wada lafiya.

Kyanwar da kika bar mana ta tsufa. Ba ta gani, ba ta ji, sai na bubbuga ƙasa take lalubo kaskon nononta. Idanunta suna zubar da ruwa mai wari, ni nake gogewa. Shekaranjiya ta yi kashi a geron da aka shanya.

Amma maganar Baffa ta fi ba ni ƙyama. Wai yana tsoron alhakin kashe kyanwa, don haka a buhu zai sa ta, a yar a dajin Falgore. Na ce, "Baffa, makauniya ce fa." Ya ce, "To, ai ba hannuna ba ne." Ranar na kasa cin tuwo.

Jira yake in koma makaranta. Ke ce yayarsa, don Allah ki aiko ki hana shi.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a. Kin yarda in sake rubutowa, ko da labarin ba daɗi?

'Yarki,
Hadiza